Kujerar Inji ta Hagu

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na zama kaka. Bari in sake rubutawa in gani da idona: na zama kaka! Mace ce.

Ina tsakiyar walda babban ɗana ya bugo waya, wanda duk layin garejinmu ke kira Injiniya. Na jefar da abin waldar, saura kaɗan in ƙona takalmina. Na fita tsakiyar layi ina faɗa wa kowa. Har mai facin taya da muka yi wata uku ba ma gaisawa, rungume shi na yi. Mai Fenti, maƙwabcin shagona, ya ce, "Tsoho, yau ka tabbata tsoho, daga yau Kaka za mu riƙa ce maka."

Sai da na zauna na sha ruwa na tuna ashe ba yanzu ake jiranta ba. Saura sati bakwai.

Mun je asibiti ni da Maman yara. Surukata lafiya lau, sai gajiya. Jaririyar kuma sun sa ta a wani akwatin gilashi, da siraran robobi a hancinta. Ta taga muka gan ta. Dunƙulen hannunta bai fi noti ba. Na ce wannan ai 'Yar Noti ce. Injiniya ya yi dariya, amma dariyar a baki ta tsaya.

Likita ya ce a jira.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Na zo buɗe shago na tarar da Injiniya ya riga ni, ya yaye tamfol daga kan motar.

Tsohuwar akori-kurata ce, wadda na saya tun kafin in yi aure. Shekara tara tana ajiye a bayan shago, injinta ya mutu. A cikinta na ɗauko Injiniya da uwarsa daga asibiti shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ranar da ya gaya min matarsa na da ciki ya ce, "Baba, motar da ta kawo ni gida ita za ta kawo ɗana." Tun daga nan muke aikinta duk Asabar. Na yanke ruɓaɓɓen gindin bodin na ɗinka sabon ƙarfe, na ƙera madafun lagireto, shi kuma ya samo inji mai lafiya na wata mota daban. Injin na rataye a kaca yanzu haka. Ba ya zama a mazaunin tsohon, dole a ƙera masa sababbin kujeru, wato ƙarafa biyu, hagu da dama, da ake ɗaurewa a jikin shasi injin ya zauna a kansu.

Na ce masa, "Kai, ka bar motar nan, ka je wajen iyalinka."

Ya ce, "Sau biyu a rana ake bari a shiga, Baba. Sauran lokacin me zan yi, in ƙirga fankokin asibiti? Ranar da za a sallame ta motar nan tana bakin ƙofa."

Ban san ko abin da ya dace in bar shi ba. Na miƙa masa sifana.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Injiniya ya tambaye ni tsofaffin kujerun inji, wai zai duba yadda suke. Na ce ina jin sun bi 'yan gwangwani.

Ba su bi ba. Suna cikin buhu a ƙarƙashin bencina. Ta hagu ta fi ta dama tsayi da kaurin yatsa ɗaya. Ni na ƙera ta haka. Yau ba zan rubuta dalili ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Mutane sai su ce min barka, in washe baki, sai kuma su rage murya su ce, "Ya jikin nata?" Ban san wace fuska zan riƙa yawo da ita ba. Ni dai murna nake yi. Ko bai kamata ba ne?

Injiniya ya zana kujerun a takarda, da lambobinsa ƙanana, sannan ya yanko surarsu a kwali. Dama da hagu daidai wa daida, kamar tagwaye. Aikinsa tsaf. Ni da yatsa da ido na koyi awo, shi kuma da tef da lissafi, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba.

Yana riƙe da kwalin ya ce, "Baba, shasin nan a miƙe yake ko? Sai na ɗage kan motar gaba ɗaya kafin in auna shi sosai, aikin kwana biyu ne."

Na ce, "Motar nan ba ta taɓa faɗuwa ba."

Mai Fenti ya ɗago daga bokitinsa ya ce, "Wannan karatun tun ina da gashi a kaina nake jin sa." Muka yi dariya. Injiniya ya ce to shi ke nan, ya huta.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yanka ƙarfe, na lanƙwasa, na huda, na yi walda. Yadda ya zana haka na yi, ko gashi ban ƙara ba. Ina yi ina ce wa kaina wataƙila robar da za a sa a kai ta shanye bambancin. Yatsa ɗaya ne fa.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Ta riƙe yatsan uwarta. Surukata ce ta gaya min, tana kuka tana dariya. Ta ce, "Baba, amaryarka akwai ƙarfi." Na ce ai jinin maƙera ce.

Talata, ƙarfe uku na yamma

Mun sauke inji. Ni ina jan kaca, Injiniya na ƙarƙashi yana cewa sauke, sauke, tsaya. Ƙusoshin dama suka shige kamar an shafa musu mai. Na hagu sai da muka sa ƙarfe muka banƙara. Injin ya zauna, amma duk mai ido zai ga ya ɗan kwanta gefen hagu, kamar mutum mai ciwon ƙugu.

Injiniya ya ɗora ma'aunin ruwa a kai, ya ce ya karkace. Mai Fenti ya ce, "Daɓen garejin nan ma a karkace yake, ka ɗora ma'aunin a kan Kaka ka gani, shi ma haka zai nuna." Injiniya ya ce ƙila haka ne.

Na shiga sharar garin ƙarfe da ba ta kai a share ba.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

An kira su Injiniya asibiti jiya da yamma. Ban gane duk bayanin ba. Wani abu game da numfashin jaririyar. Likita ya ce a jira.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Bai zo ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Bai zo ba. Na je asibiti, ba a bari na shiga ba. Na zauna a benci na awa biyu ina kallon wata walda da aka yi a ƙafar kujera, mummuna, duk tsiro. Ban san me ya sa na kasa daina kallonta ba.

Maman yara ba ta ci abinci ba. Ni na ci, kuma na ji kunyar cin.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ya zo da safe, idanunsa ja. Na tambaye shi, ya ce, "Da sauƙi."

Ya haɗa giyabos da farfela, wannan dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya. Ya haɗa wayoyi da bututun mai, ya ɗora batir, ya murɗa makulli. Tari ɗaya, tari biyu, ta tashi! Shekara tara! Na yi ihu, Mai Fenti ya yi rawa da buroshi a hannu. Na ga haƙoran Injiniya a karon farko cikin sati.

Muka ɗage tayoyin baya a kan jak ya sa giya. Sai motar ta kama rawa. Sitiyari na karkarwa, madubi na karkarwa, fankar inji na taɓa lagireto tana cewa kat-kat-kat. Ya kashe.

Ya ce, "Ba zan sa jaririya a cikin wannan ba."

Na ce ƙila farfelar ce. Da bakina na faɗa. Na san ba ita ba ce.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Ya kai farfela wajen masu gyaranta, sun ce lafiyarta ƙalau.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ya canja robobin kujeru. Rawa na nan. Ya kwance kujerun ya auna su da zanensa, ya ce, "Aikinka daidai ne, Baba. To zanena ne." Ya sake zama da takarda. Sau uku yana lissafi yana samun abu ɗaya.

Na ɗauko buhun nan daga ƙarƙashin benci yau, sai na ji takunsa, na mayar.

Me zan ce? Shekara talatin da ɗaya ina faɗar magana ɗaya a layin nan. Yaron nan tun yana ƙarami yake gaya wa abokansa babansa bai taɓa buga mota ba. Ranar da na fara koya masa tuƙi da wannan maganar na fara. Malaminmu na makarantar yamma, da na shiga bayan furfura ta fito min, ya ce mutum ya rubuta abin da ke damunsa zai ga kansa da gindinsa. Ga shi na rubuta, ban ga komai ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

An cire wa jaririyar roba ɗaya. Saura ɗaya. Na raba wa 'yan layi alewa. Mai Fenti ya ce idan aka cire ta biyun me zan raba, shagon?

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

An mayar da robar.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba.

Injiniya yana ƙarƙashin mota tun safe. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Yana kwance a kan kwali, sifana a ƙirjinsa, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Na tsuguna.

Ya ce, "Baba, ni ne. Duk abin da na taɓa a watan nan sai ya karkace. Ranar da naƙuda ta zo wa matata ina nan ina wasa da tsohon ƙarfe, ta kira ni sau huɗu ban ji ba. Ga ƙarfe biyu ma na kasa aunawa. Wane irin uba ne wannan?"

Na ce, "Kai, tashi. Likita ya ce ba laifin kowa ba ne."

Ya ce, "To wannan fa? Wannan laifin wa?" Ya bugi kujerar hagu da sifana.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai wayarsa ta yi ƙara, lokacin shiga ya yi, ya wanke hannu ya tafi.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta shi a nan tukuna, ko bakina zai koya daga hannuna.

Ranar da aka haifi Injiniya ina wani ƙauye na kai ƙofofin ƙarfe. Aka aiko min. Na taho a guje, murna ta rufe min ido, ina waƙa ni kaɗai a mota. A wata kwana na shiga da gudu, tayar hagu ta faɗa kwalbati. Ban ji ciwo sosai ba, amma shasin ya lanƙwashe a ƙarƙashin kujerar direba. Na sa aka jawo ta shago aka rufe ƙofa. Kwana biyu ina gasa ƙarfen ina bugu, na ɗora faranti ta ciki na yi walda, na goge, na shafa baƙin fenti. Ya miƙe, amma gefen hagu ya yi ƙasa da kaurin yatsa. Sai na ƙera kujerar hagu doguwa, injin ya zauna daidai. Na je asibiti a rana ta uku na ce wa Maman yara kayan gyara na tsaya jira.

Shi ke nan. Da na rubuta shi ma bai kai yadda nake jin nauyinsa ba.

Lahadi, ƙarfe uku na yamma

Na gaya wa Maman yara. Tana tsintar shinkafa a tire, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Kwalbatin kwanar nan ta bayan makaranta?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyu ina zama a motar nan ina zamewa ina faɗo maka a kafaɗa. Ka ɗauka so ne? Kuma ka zo asibiti da ƙullutu a goshi ka ce ƙofar shago ce ta buge ka."

Na ce, "Kuma kika yi shiru?"

Ta ce, "Ka zo da rai, me zan ce? Na bar maka abinka, ba ya cin kowa." Sai ta ajiye tiren. "Amma yanzu yana cin ɗana. Da na san abin da ke hana motar nan zama ke nan, da tuni na je garejin da kaina. Gobe ka gaya masa, ko in gaya masa a gaban Mai Fenti."

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Na riga shi zuwa. Na zazzage buhun a kan benci, na jera tsofaffin kujerun biyu kusa da juna. Da ya shigo ya tsaya yana kallonsu. Ya ɗauki tef ya auna ta dama, ya auna ta hagu, ya sake aunawa.

Ya ce, "Ba 'yan gwangwani suka tafi da su ba?"

Na ce, "Zanenka daidai ne. Motar ce a karkace. Ni na karkatar da ita, ranar da aka haife ka."

Na gaya masa duka, ina tsaye, hannuna a kan benci. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashin mota, ya kankare fentin da wuƙa, ya daɗe a can. Ina ganin ƙafafunsa kawai.

Daga ƙasan ya ce, "Sati biyu, Baba. Kana kallona."

Na ce, "Ina kallonka."

"Na kai farfela gyara."

"Ka kai."

Ya fito, bai dube ni ba, ya tafi asibiti tun lokaci bai yi ba. Ban san ko zai dawo ba. Na zauna da kujerun nan biyu a gabana har rana ta take.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Bai zo ba. Na yanko kwali na zana sabuwar kujerar hagu, amma ban yanka ƙarfe ba. Aikinsa ne, sai ya ce.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ya zo. Gaisuwa kawai, ya ce a ɗage kan motar. Mu uku da Mai Fenti muka ɗage. Ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya auna shasin ko'ina, ya ƙwanƙwasa tsohuwar waldar da guduma yana saurare.

Ya ce, "Waldar nan lafiyarta lau. Zan so a ƙara faranti ta waje, don hankalina ya kwanta."

Na ce za a ƙara.

Ya ce, "Milimita goma sha takwas ya yi ƙasa."

Na ce, "Yatsa ɗaya."

Ya kamo hannuna ya ɗora tef a kan yatsana. Sha takwas cif. Mai Fenti ya ce, "Ka ga tef ɗin da bai taɓa faɗuwa ba." Injiniya ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa.

Da Mai Fenti ya fita sai ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Kwana uku ba ka zo ba ke nan, da aka haife ni."

Na ce, "Kwana biyu da rabi."

Ya ce, "Ni kira huɗu na rasa." Sannan ya miƙo min kwalin da na zana. "Yanka, Baba."

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Inji ya zauna, ƙusoshi huɗu da hannu suka shige. Ya tayar, ya sa giya. Na ɗora kofin ruwa a kan bonet, ruwan ko motsi. Mun zaga layi sau uku, mun taka birki, mun hau babban titi mun dawo.

An cire wa jaririyar robar tun shekaranjiya, ba a mayar ba. Ina tsoron rubuta wannan, amma na rubuta.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Likita bai ce a jira ba. Ya ce Alhamis.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na ƙera maɗauri a bayan kujera, inda za a ɗaure 'yar kujerar jarirai da surukata ta saya. Injiniya ya rataya a jikinsa da duk nauyinsa don ya gwada. Mai Fenti ya roƙa a bar shi ya fesa mata fenti, muka ce warin fa? Ya ce to a gaya wa amarya ba laifinsa ba ne ta zo gida a mota mai launi uku.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ta zo gida.

Gaban motar mutum biyu yake ɗauka da 'yar kujerar a tsakiya, don haka ni da Maman yara muka biyo su a tasi. A bakin asibiti Injiniya ya miƙo min makulli. Na ce a'a, ni na san abin da murna ke sa ni yi a kan sitiyari.

Tafiyar minti ashirin ya yi ta cikin hamsin. Masu keke na wuce shi, ana ta yi masa ham. Direban tasinmu ya ce, "Baba, wancan na gaba ƙwai ya ɗauko ne?" Na ce, "Bi shi a hankali, jikata ce." Da muka zo kwanar bayan makaranta Maman yara ta zungure ni da gwiwar hannu.

A ƙofar gida aka ɗora min ita a hannu. Ba gilashi, ba roba. Nauyinta bai kai kujerar hagun nan ba. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta kama yatsana, wannan yatsan dai, ta riƙe.

Surukata ta ce ko motsi ba ta yi ba a hanya, barci kawai. Mai Fenti, da ya biyo mu a babur, ya daki bodin motar ya ce, "Kaka, faɗa mana karatun nan mana, amarya ta ji."

Na ce, "Motar nan sau ɗaya ta taɓa faɗuwa."